Ƙugin Taransifoma, Tsirkiyar Goge da Hasken Doguwar Fitila

  Shugaban makaranta da malamai, masu sana'ar wayarin da gyaran rediyo da suka rufe shagunansu suka taho daga Lambata da Dikko da Suleja, ɗalibai maza da mata: Mai wannan jawabi yana godiya ga mutanen Izom da suka gayyace shi, suka kuma ba shi damar zaɓen batun da yake so.

Batun kuwa shi ne ƙugin nan da ke tashi daga taransifomar unguwa idan dare ya yi, wanda ake ji a lasifikar masallaci kafin ladan ya buɗe baki, kuma yake fita daga doguwar fitilar da ke saman wannan zaure. Za a nuna cewa lamba guda, 50, ita ke bayan wannan ƙugi, ita ke haɗa shi da ilimin kiɗa, ita kuma ke sa wata fitilar ta gajiyar da ido wata ta bar shi lafiya. Wanda ya gane ta zai iya auna lafiyar wutar gidansa da kunnensa da wayar hannunsa kafin ya kira mai gyara.

Na farko: daga ina 50 ta fito?

Jihar Neja ce ke riƙe da manyan madatsun lantarki na Najeriya. An buɗe Kainji a 1968 da ƙarfin megawat 760, Jebba ta biyo a 1985, Shiroro a 1990 da megawat 600 a kan kogin Kaduna, sai Zungeru mai megawat 700 da ta zo daga baya. A kowace ɗaya ruwa ne ke juya injin, injin kuma yana juya maganaɗisu a gaban naɗin waya. Wutar da ke fita daga nan kai-komo take yi: ta tafi gaba, ta dawo baya, sau 50 a kowace daƙiƙa. Wannan shi injiniyoyi ke rubutawa 50 Hz a bayan firji da talabijin, da sunan Bajamushen masani Heinrich Hertz.

Duk injinan da ke kan babban layin ƙasa, na ruwa da na iskar gas irin na Egbin a Legas, dole su yi wannan kai-komo tare, kamar mata masu lugude a turmi ɗaya: in guda ta saɓa, taɓarya ta bugi taɓarya. Idan jama'a suka ja wuta fiye da yadda ake samarwa, injinan sukan yi nauyi, lambar ta sauka ƙasa da 50. Idan aka sauke lodi ba zato, ta haura. Ƙa'idar babban layin Najeriya ta ce a riƙe ta tsakanin 49.75 da 50.25, a lokacin matsi kuma kada ta fita daga 48.75 zuwa 51.25. Aikin da ma'aikatan cibiyar kula da layi ta Osogbo ke yi ke nan dare da rana. In abin ya ƙwace musu, injinan sukan kare kansu su fice ɗaya bayan ɗaya, washegari a ji a rediyo cewa babban layi ya faɗi.

Ba wata dokar halitta ta zaɓi 50. Kamfanonin Jamus ne suka tsaya a kanta a ƙarshen ƙarni na 19, na Amurka suka tsaya a 60, kowace ƙasa kuma ta gaji ta wanda ya sayar mata da inji. Najeriya da Nijar da Gana suna kan 50. Saudiyya tana kan 60. Japan ta fi kowa ban mamaki: Tokyo ta sayi injinan Jamus a 1895, Osaka ta sayi na Amurka a 1896, har yau gabashin ƙasar yana kan 50, yammaci yana kan 60.

Na biyu: yadda wuta ke zama sauti, da abin da makaɗi ya sani game da shi.

Wuta da kanta ba ta da murya. Ƙarfe ne ke yi mata magana. A cikin taransifoma akwai siraran falankan ƙarfe da aka jera aka matse, aka naɗe su da waya. Duk sanda maganaɗisu ya ratsa su sukan ɗan miƙe, in ya janye su koma, miƙewar da ido ba zai taɓa gani ba. Ƙarfen bai damu da ko wutar gaba ta yi ko baya ba, a kowane ɓangare miƙewa yake yi. Don haka a zagaye ɗaya yana motsi sau biyu, ƙugin taransifoma ya zama 100 a daƙiƙa. Muryar namiji baligi takan yi yawo tsakanin 85 da 180. Shin ba shi ya sa ƙugin ke kama da na dattijo mai gunaguni a zaure ba?

Kuma 100 ba ta zuwa ita kaɗai. Tana tafe da 200 da 300 da 400 da 500, kowace ta fi ta bayanta siranta da rauni. A nan ne makaɗi ke shigowa.

A ɗauki goge, mai tsirkiyar gashin wutsiyar doki. In mai goge ya ja izga a kan tsirkiya a sake, ta ba da sauti ɗaya. In ya ɗora yatsa daidai tsakiya, rabin tsirkiyar ne ke kaɗawa, kuma tana kaɗawa ninki biyu. Kunne yana jin sautin nan a matsayin na farkon, sai dai ya fi siranta, irin yadda yaro da mahaifinsa ke rera abu ɗaya kowa da muryarsa. Tazarar 1 da 2 ke nan. In ya danne ta yadda kashi biyu cikin uku ke kaɗawa, an sami tazarar 2 da 3, wadda kusan kowace al'umma mai kiɗa ta gano daɗinta da kanta. Ana danganta wannan lissafi ga Pythagoras na Girka, kuma al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya faɗaɗa shi a babban littafinsa na kiɗa, yana aunawa a kan tsirkiyoyin udu.

To, a koma ga jerin taransifoma. Tsakanin 100 da 200 akwai 1 da 2. Tsakanin 200 da 300 akwai 2 da 3. Tsakanin 400 da 500 akwai 4 da 5, wata tazarar mai daɗi. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Suleja ranar hawan salla ya ji tazarar 2 da 3 da kunnensa, domin kakaki ba shi da ramukan yatsa ko ɗaya: da leɓe da ƙarfin numfashi mai busa ke tsallakawa daga sauti zuwa sauti, kuma manyan sautuka biyun da yake kirari da su wannan tazarar ce tsakaninsu. Dogon bututun kakaki da akwatin ƙarfen da ke kan sanda a bakin titi lissafi ɗaya suke bi, ko da yake babu mai cewa daɗinsu ɗaya.

Alhazai kuma sun ji wata tazarar ba tare da sun lura ba. Ƙugin firji a Izom yana kan 50, na masauki a Makka ko Madina yana kan 60. Wato 5 da 6, hawa uku a kan maɓallan fiyano in an ƙirga farare da baƙaƙe. Wani mawaƙi ɗan Kanada, R. Murray Schafer, ya ba da labari a littafinsa na 1977 cewa in ya sa ɗalibai su natsu su yi gunjin sautin da ya zo musu da kansa, na Amurka ta Arewa sukan faɗa kusa da ƙugin 60, na Turai kusa da na 50. Wannan lura ce ta malami a aji, bai kai gwajin ɗakin bincike ba, don haka a riƙe shi da sassauci. Amma malamin kimiyya a nan zai iya gwadawa da ɗalibansa ranar da aka kwana da wuta.

Ga inda abin ke damun masu situdiyo na Kano da Kaduna, waɗanda kusan duk kiɗan finafinan Hausa a kan fiyanon lantarki suke haɗa shi. An daidaita fiyano a kan ma'aunin duniya da ya sa sautin A a 440. A wannan ma'auni sautin G na can ƙasa yana kan 49, na samansa yana kan 98. Ƙugin wuta kuwa 50 ne da 100. Sun yi kusa, ba su haɗu ba. Sautuka biyu da suka yi kusa haka sukan riƙa ƙarfafa juna suna raunana juna, adadin bugun kuma shi ne bambancinsu: 100 a cire 98, bugu biyu a daƙiƙa. Mai haɗa waƙa a kan G zai ji ƙasan kiɗansa yana wani lumshewa yana buɗewa, ya yi ta zargin lasifika, alhali wuta ce ta shiga layi.

Hawa ɗaya a kan fiyano kusan kashi 6 cikin 100 ne. Daga 48.75 zuwa 51.25 kashi 5 ne. Ashe ke nan, a ranar da babban layi ke tangal-tangal, mai kunnen kiɗa zai iya jin ƙugin yana sauka yana hawa. Da janareta abin ya fi fitowa fili. Ƙaramin janareta sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da 50, manya na dizal sau 1,500. Da an jona dutsen guga muryarsa ta yi kauri, abin da kunne ya ji kuwa gaskiya ne: juyawa ta ragu, 50 ta ragu tare da ita, fanka da firji duk sun ji a jikinsu.

Wannan tangal-tangal ɗin ma ya zama shaida a kotu. Tun 2005 'yan sandan Landan ke naɗar ƙugin wutar ƙasarsu ba tsayawa. In aka kawo faifan murya, sukan ciro ɗan ƙugin da ya maƙale a cikinsa su gwada da nasu, su gane ranar da aka ɗauke shi da kuma ko an yanke wani wuri.

Na uku, a taƙaice: lasifikar masallaci da ta coci.

Jikin mutum da kowace doguwar waya suna tsintar ɗan abin da wayoyin bango ke watsawa. Shi ya sa in aka taɓa bakin jak da yatsa lasifika ke ruri. Yawancin ƙugin da ake fama da shi daga abu uku yake zuwa: wayar makirufo da aka ɗaure tare da wayar wuta, wayar da rigarta ta ciki ta tsinke, da kayan sauti da aka jona a soket daban-daban alhali wayar ƙasa ba ta da kyau. Maganin shi ne a raba hanyar wayoyin, a sayi wayar makirufo mai baki uku, a jona amfilifaya da mikisa a wuri ɗaya, a kafa sandar ƙasa ta gaske. Akwai masu karya ƙafa ta uku ta fulogi don ƙugin ya yi shiru. Yakan yi shirun kuwa, amma ranar da wuta ta zubo a jikin amfilifaya, ta hannun mai riƙe da makirufo za ta bi zuwa ƙasa. Masu wayarin da ke nan, don Allah a daina.

A kuma bambanta ƙugi da tartsatsi. Ƙugi mai ɗorewa a kan sauti ɗaya aikin ƙarfe ne. Ƙas-ƙas ko tsuwa daga soket ko akwatin mita alama ce ta waya ta saki tana tartsatsi, kuma daga nan gobarar shago ke farawa. In a cikin gida ne, a kashe babban makunni a kira mai gyara. In taransifoma ce ta sauya murya, a sanar da ofishin kamfanin rarraba wutar lantarki, kada kowa ya hau.

Na huɗu: doguwar fitila.

Kamfanin General Electric ya fito da ita kasuwa a Amurka a 1938. A cikin bututun akwai iskar agon da ɗigon zaiba. Wuta na ratsa tururin zaibar, ya fitar da hasken da ido ba ya gani, farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita ta sha wannan haske ta mayar da shi wanda ake gani. Bututun ba ya iya taƙaita wutar da yake ja, don haka ake haɗa shi da cok, wato naɗin waya a kan falankan ƙarfe, ƙanin taransifoma. Shi ne mai ƙugin, bututun bai san hawa ba bai san sauka ba. In cok ya tsufa falankansa suka saki, ko aka ɗaure shi sakwa-sakwa a jikin kwano, ƙarar ta cika ɗaki. Sitata kuma shi ne ɗan gwangwanin da ke ƙyafta fitilar kafin ta kama. Ranar da wuta ta zo ba ƙarfi zai yi ta ƙyaftawa har gari ya waye, abin da kuma ke cinye bakin bututun ya yi baƙi.

A kowane zagaye wuta tana ratsa sifili sau biyu, saboda haka hasken yana dushewa yana dawowa sau 100 a daƙiƙa. Mutum ba ya ganin wannan, amma jijiyoyin idonsa suna amsa shi. A 1989 Arnold Wilkins da abokan aikinsa a Ingila suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a ofis: an sauya wa wasu fitilu cok zuwa na zamani mai kai-komo sau dubbai a daƙiƙa, ba tare da ma'aikata sun san wanne ke kansu ba. Ciwon kai da gajiyar ido sun ragu da fiye da rabi a ƙarƙashin sababbin. Ɗalibin kwana da ke karatun dare yana kuka da ciwon kai, an taɓa ɗaga kai an dubi abin da ke samansa kafin a ce lalaci ne?

Wannan cok na zamani yana aiki sama da 20,000 a daƙiƙa, inda kunnen mutum ya ƙare, hodar bututun kuma ba ta samun zarafin dushewa. Ba ƙugi, ba ƙyaftawa, ga ragin cin wuta. In kuwa ana ganin rawar haske da ido ƙuru-ƙuru, musamman a bakin bututu, gefe ɗaya ne ya mutu, fitilar ta koma 50. A canza ta.

Ga masu injin niƙa da injin tsaga katako da masu walda akwai haɗari na daban. Haske mai ɗaukewa sau 100 yana nuna abu mai juyawa a tsinke-tsinke. Motar lantarki ita ma 50 take bi, tana juyawa kaɗan ƙasa da 1,500 ko 3,000 a minti. Sai lissafin ya kusa dacewa, a ga zarto ko fule kamar yana tafiya a hankali, ko yana komawa baya, alhali yana cikin gudu. Tsofaffin injiniyoyin masana'antu sukan raba fitilun da ke maƙwabtaka a kan layuka uku na wuta, don in ɗaya ta dushe ɗaya na haske. Wanda ba shi da layi uku, ya sa wa injinsa fitilar da ba ta rawa.

Sai launi. Kowace mace da ta taɓa sayen atamfa a kasuwar Suleja ta san a ce wa mai shago bari a fita da ita waje. Tana da gaskiya. Hasken rana yana ɗauke da dukkan launuka, hodar tsohuwar fitila kuwa tana da ƙarancin ja, sai jan atamfa ya koma kamar ƙasa-ƙasa, nama a teburin mahauci ya yi fari-fari, fuskar mai lafiya ta yi kamar ta majinyaci. A shekarun 1970 aka fito da hoda mai haɗin kala uku, wadda ta gyara wannan sosai. Kuma amincin launin a rubuce yake a jikin bututun, sai dai ba a karantawa. In an ga 765, lambar farko tana nufin amincin launi wajen 70 cikin 100, biyun ƙarshe kuma suna nufin 6,500 a ma'aunin Kelvin, wato fari mai shuɗi-shuɗi. In an ga 840 ko 865, amincin ya haura 80. Kasuwarmu ta fi son mai shuɗin, don ana ganin kamar ya fi haske kuma ya fi sanyi a ƙasa mai zafi. Ra'ayin mai jawabi shi ne tela da mai atamfa da ɗakin shan magani kada su sayi abin da ya fara da 7, ɗakin kwana kuma ya fi dacewa da 827 ko 830, mai ɗan ruwan ɗorawa.

Na biyar: abin da ke maye gurbinta.

Doguwar fitila tana kan hanyar fita. Ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Minamata kan zaiba, har da Najeriya, sun amince a Geneva a 2023 cewa a daina ƙera ta da shigo da ita zuwa ƙarshen 2027, kuma ƙasashen Afirka ne suka kawo shawarar. Kafin nan, bututun da ya mutu ba abin wasan yara ba ne. In ya fashe a ɗaki, a buɗe tagogi a fita na ɗan lokaci, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, kada a sa tsintsiya.

Magajiyarta ita ce LED, wadda shuɗinta ya jawo wa Japanawa uku, Akasaki da Amano da Nakamura, kyautar Nobel a 2014. Tana cin wuta kaɗan, tana jure raunin wuta, ba ta da zaiba. Amma kada a ɗauka 50 ta sake ta. LED tana kamawa tana ɗaukewa nan take, don haka in an yi rowar kayan da ke daidaita wuta a gindin ƙwan, rawarta a kan 100 takan fi ta tsohuwar fitila zurfi. Ƙwai biyu masu kama ɗaya a tire ɗaya, guda lafiya lau, guda yana sa ciwon kai, kuma kwalin ba zai faɗa ba.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. A sa mai shago ya kunna ƙwan, a buɗe kyamarar waya a matso kusa, ko a ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya. In baƙaƙen layuka suna ratsa hoton, ƙwan yana rawa. Wanda ba shi da waya ya kaɗa biro da sauri a ƙarƙashin hasken: in ya ga inuwa ɗaya a shafe, ƙwan ya yi, in ya ga biro biyar ko shida a jere, ya ajiye ya nemi wani.

Shugaban taro, ranka ya daɗe, a nan jawabin ya tsaya.  Akwai biro da ƙwai iri uku a kan tebur ga mai son gwadawa bayan an tashi. Yanzu fili na masu tambaya ne, kuma ana roƙon a fara da masu wayarin da ke zaune a baya.